Kurege da Maƙwabtansa

Kurege yana cikin dangin dabbobi masu gaigaya, wato ɗan'uwan ɓera ne da gafiya da beguwa. Abin da ya haɗa su shi ne haƙoran gaba guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ba sa daina tsiro muddin dabbar tana raye. Dole ta riƙa gaigayar abu mai tauri don su zaizaye, in ba haka ba su yi tsawon da zai hana ta cin abinci. Masana sun ƙidaya kusan iri 280 na kurege a duniya, suka kasa su gida uku: masu kwana a rami, masu zama a bishiya, da masu wata fata tsakanin ƙafar gaba da ta baya wadda suke buɗewa su sulala cikin iska daga wannan itace zuwa wancan. Kowace nahiya tana da nata na asali, ban da Ostareliya da Antatika.

Wanda aka fi sani a ƙasar Hausa na rami ne, mai farin zane guda a kowane gefen jiki, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Tun 1803 ya shiga littattafan masana dabbobi na Turai. Ana samunsa daga Sanagal da Muritaniya har Habasha da Kenya, duk inda daji bai yi duhu ba, akwai kuma wani ɗan rukuni da ya keɓe can kudancin Maroko. Jikinsa bai cika wuce santimita 22 zuwa 29 ba, wutsiya ta kusa kai tsawon jikin, nauyinsa kuwa daga rabin kilo zuwa kilo guda. Gashinsa kaushi gare shi, kunnuwansa ƙanana ne har kamar babu, launinsa kuma yakan bi launin ƙasar da yake zaune: na jigawa ya fi haske, na jar ƙasa ya fi ja. A wuraren da itatuwa suka fi yawa akwai wani ɗan'uwansa ƙarami mai zobe-zobe a wutsiya, wanda ke kwana a kogon itace, yana shan hantsi a kan reshe. Ba a rikita su: na rami in ya tsorata ƙasa yake nufa, na bishiya kuwa sama.

Gidan kurege rami ne da yake haƙawa da faratansa, galibi a gindin itace, ko ƙarƙashin duwatsu, ko jikin tsohon suri, ko gindin katangar da ta zube a bayan gari. Ɗakin kwanansa bai kai zurfin mita guda ba, amma ƙofofinsa sukan fi ɗaya, wasu a buɗe, wasu ya toshe su da ƙasa mai laushi wadda zai iya turewa cikin gaggawa. Wannan ne ya sa yara masu haƙa ko masu tura hayaƙi ta ƙofa ɗaya sukan ga ya ɓullo ta inda ba su zata ba. Wayon da tatsuniya ke jingina masa daga nan ya samo tushe, ko da yake a labarin nan na kurege da bushiya shi aka yi wa wayo, ya ba da masauki ranar ruwa, baƙuwa ta ƙwace ɗaki da ƙayarta. A zahiri abin da ake kira wayon kurege taka-tsantsan ne na dabbar da kowa ke son ci: shaho da shirwa daga sama, maciji da tunku a cikin rami, dila da kare da ɗan Adam a fili. Wanda ya riƙe wannan a zuciya zai fahimci kusan duk motsin da zai ga kurege ya yi.

Da rana yake harkarsa. Yakan fito bayan gari ya waye sosai, ya yi kiwo da hantsi, in rana ta take ya nemi inuwa, ya sake fitowa da la'asar, kafin magariba ya shige. Ba ya tafiya a miƙe. Tsalle yake yi kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya shinshina, ya miƙe kan ƙafafun baya ya duba gabas da yamma, sannan ya ci gaba. Idan zafi ya dame shi sai ya je inuwa ya kwanta rub da ciki, ya baje ƙafafu, ya manna cikinsa da ƙasa mai sanyi don zafin jikinsa ya sauka. Mai kallo da bai san haka ba zai ɗauka ciwo ne ya kayar da shi. Ɗan'uwansa na hamadar Kalahari a kudancin Afirka ya ƙara da wata dabara da masana suka auna: yakan juya wa rana baya ya ɗaga wutsiya bisa kansa ta yi masa inuwa, ya ci gaba da kiwo cikin zafin da ya kori sauran dabbobi.

Wutsiyar kurege ita ce ke fallasa abin da ke ransa. In yana tafiya hankali kwance, a miƙe take bayansa. In ya tsaya yakan ɗaga ta. In ya tsorata sai gashinta ya tashi, ta kumbura kamar tsintsiyar laushi, wani lokaci yana kaɗa ta yana wani ɗan kuka mai kama da tsaki a jejjere. Duk mai lura da ya ga wutsiya ta kumbura, to ya matso fiye da kima, ko kuwa akwai wani abu a sama ko cikin ciyawa da kuregen ya riga shi gani. Sau da yawa ta haka ake gano maciji ko shaho. Idan biyu suka haɗu sukan taɓa hanci su shinshini juna, kowa ya kama gabansa, domin yawanci shi kaɗai yake kiwo. Tsere da zagaye da ake gani tsakanin biyu ko uku galibi neman mace ne. Takan haifi 'ya'ya biyu zuwa shida a cikin rami, idanunsu a rufe.

Abincinsa iri ne da ƙwaya da saiwa da 'ya'yan itacen da suka faɗo, yana haɗawa da ƙwari da ƙwan tsuntsu in ya samu. Nan ne shi da manomi suka raba gari. Yakan bi layin shuka ya tone gyaɗa da masara tun ba su tsiro ba, ya haƙi rogo da dankali, da kaka kuma ya shiga gyaɗar da aka tuge aka bari ta sha iska. Ƙorafin manomi gaskiya ne, ba ƙazafi ba. Sai dai ba duk abin da ya ɗauka yake ci nan take ba. Yakan kai saura kusa da raminsa ya binne, ko ya tura ƙarƙashin dutse ko busasshen ganye, ya daddanna da ƙafafun gaba.

Wannan ɗabi'ar ɓoyo an fi nazarinta a kan kurege mai ruwan toka na gabashin Amurka, wanda ke zama a bishiya, yake kuma shiga lambunan gidaje ba tsoro. Shi ba ya tara abinci wuri guda. Ƙwallo ɗai-ɗai yake binnewa a wurare masu yawan gaske kafin sanyi ya shigo. An daɗe ana zaton da hanci kawai yake gano su, duk wanda ya ci karo da shi ya tone. A 1991 wasu masana biyu, Lucia Jacobs da Emily Liman, suka wallafa gwajin da suka yi: sun bar kowane kurege ya binne nasa ƙwallayen a fili ɗaya da na sauran, bayan kwanaki aka sake shi, sai ga shi ya fi tono nasa a kan na wasu, ko da na wasun suna dab da su. Ashe tunawa yake yi. A 2008 kuma Michael Steele da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa idan wannan kurege ya lura wani na kallonsa, yakan haƙa rami, ya yi kamar ya saka abu, ya rufe, alhali ƙwallon na bakinsa. Abin da ya manta ko ya mutu ya bari kuwa shi ke tsirowa ya zama itace. Wannan kuregen ne aka kai Ingila a 1876 don ƙawata lambunan masu hali, ya yaɗu, ya kori jan kurege na asalin ƙasar daga yawancin dazuzzukanta, saboda ya fi shi girma da cin abinci, yana kuma ɗauke da wata cuta da ba ta kashe shi amma tana kashe jan.

Yadda ake kallo

Kallon kurege ba ya bukatar kaya. Abu na farko shi ne a gano rami mai rai: bakinsa a share, da sabuwar ƙasa, da ɓawon gyaɗa ko ƙwallon da aka gaigaya a kusa, babu yanar gizo a ƙofa. Sai a zo tun kafin ya fito, a zauna nesa kamar taku ashirin ko talatin, a jingina da itace ko katanga don kada siffar mutum ta fito fili. Motsi ne ke korarsa fiye da ganin mutum. Wanda ya zauna shiru ba ya nuni da hannu, ba ya juya kai da sauri, zai ga kurege ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa, daga bisani ya fita harkarsa. Idan ana zuwa wuri guda a lokaci guda kullum, yakan saba, tazarar ta ragu da kanta. Madubin hangen nesa yana da amfani in akwai shi, amma haƙuri ya fi shi aiki. 'Yar gyaɗar da aka zuba a fili za ta nuna abubuwa da yawa: nawa ya ci a wurin, nawa ya ɗauke, ina ya kai, yaushe ya koma ya tone. Kada dai a mai da abin al'ada, don dabbar da ta saba karɓa a hannun mutum ita ce ta farko da kare ko ɗan baka zai samu.

Kuma a rubuta. Ƙwaƙwalwa takan riƙe abin mamaki ta zubar da na kullum, alhali na kullum ɗin ne ke nuna ɗabi'a. Kwanan wata, lokaci, yanayin gari, abin da aka gani: layi huɗu sun isa.

Kadangare da tsuntsayen rana

Wanda ke cikin birni, inda kurege ya yi nisa, yana da kadangare a kan katangarsa, kuma babu dabbar da ta fi shi sauƙin nazari. Wani masani mai suna Vernon Harris ya rubuta littafi sukutum a kansa a 1964, daga abin da ya lura da shi a Ibadan. Jan gwada, wato namiji mai jan kai da jiki shuɗi mai duhu, shi ne mai gida. Yana da yankinsa, da wani wuri mai tudu da yake hawa kullum, da mata da ƙanana da ke zaune ƙarƙashinsa. Sauran mazan da ba su da yanki launinsu a dushe yake, kusan irin na mata. Shi kansa jan gwadan da asuba ba shi da wannan ado. Da dare launin yakan dushe, sai ya sha rana jikinsa ya ɗumama sannan jan da shuɗin su fito. Gyaɗa kai da yake yi yana ɗaga ƙirji sanarwa ce ga na kusa cewa wurin da mai shi. In wani namiji ya ƙi ji, sai su jera gefe da gefe, kan kowanne ya koma ruwan ƙasa, jiki ya yi fari-fari, su riƙa bugun juna da wutsiya har ɗaya ya gudu. Yawancin manyan maza masu guntuwar wutsiya a irin wannan fage ko a bakin kyanwa suka bar ta. Da damina mace takan haƙa ɗan rami a ƙasa mai danshi ta zuba ƙwai, ta rufe ta tafi, rana ta ƙyanƙyashe.

Tsuntsaye kuwa ruwa ke tara su, musamman da rani. Kasko mara zurfi a inuwa, nesa da inda kyanwa za ta laɓe, ya isa. A riƙa zubar da ruwan ana sakewa duk bayan kwana biyu, domin sauro cikin kamar mako guda yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. A bakin kaskon za a ga wani bambanci: yawancin tsuntsaye sukan ɗebi ruwa su ɗaga kai ya gangara, amma kurciya da tantabara tsoma baki suke yi su zuƙa ba ɗagawa. Sheƙar kurciya 'yan tsinkaye ne da aka ɗora sama-sama, ƙwanta biyu farare, uwa da uba kuma duka suna ciyar da 'ya'yan da wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga maƙoshinsu.

Shamuwa ita ce kalandar gari. Takan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta yi kiwon fara da tsutsa a gonaki, da kaka ta tashi ta tsallaka zuwa kudancin Afirka inda damina ke farawa a lokacin. Mutane ba sa taɓa ta, shi ya sa ba ta gudun su. Ranar da aka fara ganinta kowace shekara abu ne da ya cancanci a rubuta. Haka ma daren da shinge ya tashi bayan ruwan farko: kwaɗi da tsaka da jemagu sukan taru a gindin fitila, da safe kadangaru da kaji da tsuntsaye su kwashe saura. Babu lokacin da ake ganin mazauna gida a wuri guda kamar wannan.

Masu fitowa da dare

Na dare ba a cika ganinsu ba, sai dai sawunsu. Dabarar ita ce a share wani ɗan fili mai yashi da yamma, a gindin katanga ko kusa da rumbu, a lallaɓe shi, da asuba a duba kafin kaji su fito. Sawun gafiya yakan zo da jan layin wutsiya a tsakiya. Bushiya gajerun taku gare ta, ƙafarta ta baya yatsu huɗu. Ita ƙwari take ci da tsutsa da katantanwa, don haka mai lambu ba shi da abin ƙi a wurinta. Da damina ake yawan ganinta, in rani ya tsananta takan lafe ta rage motsi. Irin wannan bushiyar ce aka kwasa zuwa Amurka da Turai ana kiwonta a ɗaki don sha'awa.

Gafiya tana da jaka a kowane kunci, inda take cusa abinci ta kai rami, abin da karin maganar nan ta "gafiya, tsira da na bakinki" ta lura da shi tun tuni. Idonta ba shi da ƙarfi, amma hancinta ya kai inda ake so. Ƙungiyar APOPO da ke Morogoro a Tanzaniya tana horar da wata 'yar'uwarta ta kusa don gano nakiyoyin da aka binne a ƙasa, saboda ba ta da nauyin da zai tayar da su, da kuma gano tarin fuka a cikin majina. Ɗaya daga cikin waɗanda ƙungiyar ta horar, mai suna Magawa, ya gano nakiyoyi da abubuwan fashewa fiye da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020.

Biyu daga cikin na dare an zalunce su da camfi. Tsaka ba ta da dafi, ba a jiki ba, ba a baki ba. Sauro da asu take ci a jikin bango, tana manne da shi ta hanyar wasu ƙananan gasu masu ɗimbin yawa a tafin yatsunta. Abin da ke gaskiya shi ne kashinta, kamar na kowane kadangare, zai iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, don haka rufe abinci wajibi ne. Mujiya kuma, wadda ake jifa saboda kukanta, ɓeraye take ci. Takan haɗiye su ɗungurungum, daga baya ta amayar da wani dunƙule na gashi da ƙashi. Wanda ya sami irin wannan a ƙarƙashin inda take kwana, ya buɗe shi da tsinke, zai ga ƙoƙon kai da muƙamuƙan ƙananan dabbobin unguwar da bai taɓa sanin suna nan ba.

Kallo dai da ido ake yi. Cizon kurege yakan yi zurfi, yakan kuma rure in ba a wanke an kai asibiti ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani ɓera mai yawan nonuwa yake shiga abinci. A 2003 ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka bayan an shigo da dabbobi daga Gana, cikinsu har da gafiya da wani irin kuregen kurmi. Suka sa wa wani kuregen rami na Amurka da ake sayarwa don kiwo a gida, shi kuma ya sa wa masu shi. Mushen ɓera ko na jemage ba abin ɗauka da hannu ba ne, yara kuma su ne suka fi bukatar a gaya musu.

Ƙidaya

Abin da mutum ɗaya ya gani labari ne. In aka tara na mutane da yawa shekara da shekaru sai ya zama hujja. A Birtaniya tun 1979 ake ware wasu kwanaki a watan Janairu, kowa ya zauna awa guda ya ƙirga tsuntsayen lambunsa ya aika, ta haka aka ga yadda wasu tsuntsayen gida da ake ganin ba za su taɓa ƙarewa ba suka ragu ƙwarai. A watan Oktoba na 2018 masu sa kai fiye da 300 suka bi filin shaƙatawa na Central Park a birnin New York, lissafinsu ya ba da kurege 2,373. A Nijeriya cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015, kuma masu sa kai ne ke tura mata abin da suka gani ta wayar hannu. Ungulu ta nuna amfanin irin wannan aiki. Dattawa sun san lokacin da take cika mahauta da kasuwa a kowane gari; a 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, saboda guba da farautar sassan jikinta don magani.

Ƙa'idar ƙidaya a gida ba ta da wuya. Wuri ɗaya ake zaɓa, da lokaci ɗaya, da tsawon zama ɗaya, ko da rabin awa ne a mako. Ba a tara duk wanda ya gifta, don kurciya ɗaya za ta iya zuwa sau goma. Adadi mafi yawa da aka gani a lokaci guda shi ake rubutawa ga kowane iri. Ranar da ba a ga komai ba ita ma a rubuta ta, tare da yanayin garin, ko hazo ne, ko iska, ko ruwa.